Me Ya Hana Hamlet Kashe Baffansa? Furoid, Ƙuryar Zuciya da Karatun Labari

Waɗanda data ba ta bar su sun saurari shirin ba, ga shi nan a rubuce kamar yadda muka saba.

Yau da tambaya zan fara. Ɗan sarki ne, matashi, mai ilimi, ya kuma iya takobi. An kashe masa uba. Wanda ya yi kisan ƙanin uban ne, ya ɗura masa guba a kunne yana barci a lambu, ya haye gadon sarauta, ko wata biyu ba a cika ba ya auri uwar yaron. Fatalwar uban ta fito ta gaya wa ɗan komai, ta ce ya ɗaukar mata fansa. Ya rantse zai ɗauka. Daga nan sai me? Sai surutu. Ya yi ta magana shi kaɗai, ya yi haukan ƙarya, ya shirya wasan kwaikwayo a fada, aka tura shi Ingila ya dawo. Sai a fitowa ta ƙarshe, bayan guba ta riga ta shiga jikinsa shi ma, sannan ya soke baffan. Wannan shi ne Hamlet na Shekisfiya, wanda aka rubuta wajen 1600. Ya fi duk wasanninsa tsawo. In za a yi shi ba a yanke komai ba, sai an zauna wajen awa huɗu ana jiran kisa ɗaya.

To me ya riƙe masa hannu?

Manazarta sun daɗe suna cacar baki a kan wannan. Wasu suka ce taushin zuciya ne, an ɗora wa mai rauni kayan da ya fi ƙarfinsa. Wasu suka ce tunani ne ya yi masa yawa. Sai wani likita a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya ya ce duk ba haka ba ne. Ana rubuta sunansa Sigmund Freud, ana furta shi Furoid. An haife shi a 1856, ya rasu a Landan a 1939, shekara ɗaya bayan ya gudo daga 'yan Nazi. Ya ce ku duba da kyau, wannan yaron fa ba rago ba ne. Ya ji motsi a bayan labule ya caka takobi nan take, ya kashe tsoho Foloniyas. Abokansa biyu na ƙuruciya, ya sauya wasiƙar da suke ɗauke da ita, ya tura su ga mutuwa, ko a jikinsa. Kenan yana iya kisa. Mutum ɗaya tak ne ya gagare shi, kuma shi ne wanda ya fi cancanta a kashe. Dalilin kuwa, in ji Furoid, Hamlet kansa bai san shi ba.

Sai mun tsaya a kan wannan "bai san shi ba" ɗin, don shi ne ginshiƙin ra'in gaba ɗaya.

A laccocin da ya yi a Jami'ar Biyana tsakanin 1915 da 1917, Furoid ya kwatanta zuciyar mutum da ɗakuna biyu. Bari in mayar da shi irin gidan da muka sani. Akwai ƙaton zaure cike maƙil da jama'a, kowa yana son ganin maigida. Akwai ɗan ƙaramin falo a ciki inda maigidan yake zaune. A bakin ƙofa akwai dogari. Duk wanda ya nufo falo sai dogari ya ƙare masa kallo. In mai mutunci ne ya wuce. In kuwa irin wanda zai kunyata maigida ne, sai a tunkuɗa shi baya. Maigidan shi ne kai, abin da ka sani game da kanka. Jama'ar zaure su ne sha'awoyi, da haushi, da kishi, da tsoro, da abubuwan da suka faru da kai kana yaro. Aikin dogari shi Furoid ya kira dannewa. Wurin da aka tara waɗanda aka kora ɗin kuma, a wannan shirin zan riƙa kiransa ƙuryar zuciya.

Abin lura, waɗanda aka kora ba sa tafiya gida. Suna nan suna jira. Dogari ya ɗan yi gyangyaɗi, sai su yi ɓad-da-kama su shige. Furoid ya ce ta ƙofar mafarki suke shiga, da ta barkwanci, da ta suɓul-da-baka. A littafinsa na 1901 a kan kurakuran yau da kullum ya kawo labarin shugaban majalisar dokokin Ostiriya, wanda ya tashi zai buɗe zama, sai ya ce ya rufe zaman. Kowa ya fashe da dariya. Furoid ya ce mutumin dama bai so a yi zaman ba, baki ne kawai ya riga dogari. Wanda ya taɓa kiran budurwarsa da sunan wadda suka rabu ya san irin shari'ar da ke biyo baya, kuma ya san "wallahi kuskure ne" ba ta cika karɓuwa ba. 'Yan matanmu sun riga Furoid gane wannan.

Babban littafinsa shi ne na fassarar mafarki. Ya fito a ƙarshen 1899, amma aka buga 1900 a bangonsa. Kwafi 600 aka buga, sai da aka shekara takwas kafin su ƙare. A ciki ya ce kowane mafarki yana da zahiri da baɗini. Zahiri shi ne abin da ka tuna da safe. Baɗini shi ne burin da aka danne, wanda ya sa rigar wani ya fito. Ya kuma bayyana yadda ake ɗinka rigar. Wani lokaci a dunƙule mutane da yawa a fuska ɗaya, ka ga mutum da fuskar malaminka amma muryar babanka ce. Wani lokaci kuma a ɗauke nauyin abu a ɗora wa wani abin da bai ji ba bai gani ba. Wannan na biyun Bahaushe ya daɗe da yi masa suna: an bar jaki ana dukan taiki. Ku riƙe wannan karin maganar, za ta yi mana aiki nan gaba.

Na san akwai mai cewa, mu ai muna da namu ilimin mafarkin. Gaskiya ne. Malamai sun kasa mafarki uku: bushara daga Allah, tsoratarwa daga Shaiɗan, da zancen zuci. Furoid bai yarda da addini ba sam, ya ma rubuta littafi a kan haka a 1927, don haka shi duk mafarki ya tattara ya zuba a kaso na ukun. Ba sai ka bi shi can ba kafin ka ari kayan aikinsa ka karanta labari.

To ina ruwan adabi da wannan? A wata lacca da ya yi a Disambar 1907, wadda aka buga a 1908, ya ce marubuci ɗan'uwan yaro ne mai wasan ƙasa. Yaro yana gina gida da ƙasa, ya san ba gida ba ne, amma ka rushe ka ga kuka. In ya girma sai kunya ta hana shi wasan, sai ya koma yin sa a zuci: ya yi kuɗi, ya rama wulaƙancin da aka yi masa, wadda ta ƙi shi ta dawo tana roƙo. Kowa yana irin wannan mafarkin ido biyu, kowa kuma yana ɓoye nasa. Marubuci shi ne wanda ya iya yi wa nasa kwalliya har mu karɓa mu ji daɗi, mu sha namu burin a cikin nasa ba tare da kunya ta kama mu ba. In haka ne, ana iya karanta labari yadda ake karanta mafarki, a nemi baɗininsa.

Yanzu mu koma ga Hamlet, amma sai mun bi ta Girka.

Fiye da shekara 2400 da suka wuce, Sofokilis ya rubuta wasan Sarki Odifus. An yi wa wani sarki duba cewa ɗan da zai haifa zai kashe shi ya auri matarsa. Aka jefar da jaririn a kan dutse, makiyayi ya cece shi, ya tashi a gidan wani sarki a wani gari yana zaton su ne iyayensa. Da ya girma ya ji irin wannan duban, sai ya gudu don kada ya cutar da su. A wata mararraba ya yi faɗa da wani dattijo ya kashe shi. Ya isa birnin Tebis, ya warware kacici-kacicin dodon da ya addabi garin, aka ba shi sarauta da matar sarkin da ya mutu. Bayan shekaru annoba ta sauka, aka ce sai an gano wanda ya kashe tsohon sarki. Odifus da kansa ya jagoranci binciken, ya yi ta tono har ya tono kansa. Matar ta rataye kanta, shi kuma ya tsiyaye idanunsa.

Furoid ya tambaya: me ya sa wannan mummunan labari yake girgiza mutanen da ba su yarda da gumakan Girka ba? Amsarsa ita ce wadda ta jawo masa zagi har yau. Ya ce kowane yaro namiji, wajen shekara uku zuwa biyar, yana son uwarsa ta zama tasa shi kaɗai, yana kuma kallon uban a matsayin wanda ya tare masa hanya, har ya so ya kauce. Daga baya a danne, a manta. Na ji wani ya ce a'uzubillahi. Ka yi haƙuri, ba mu gama ba. Abin da ya kamata a sani shi ne daga ina ya samo wannan. Mahaifinsa ya rasu a Oktoban 1896. Bayan shekara ɗaya, a Oktoban 1897, ya rubuta wa abokinsa Wilhelm Fliess wasiƙa ya ce ya tono kansa ya tarar da son uwa da kishin uba, kuma yana ganin kowa haka yake. A cikin wannan wasiƙar ya ambaci Odifus da Hamlet. Wato daga mutum ɗaya, shi kansa, ya yi tsalle zuwa dukkan 'yan Adam.

Ga yadda ya ɗora shi a kan Hamlet. Baffan nan, Kulodiyas, me ya yi? Ya kawar da uban, ya mallaki uwar. Ya aikata a fili abin da yaron ya taɓa so a ƙuryar zuciya. Don haka duk sanda Hamlet ya ɗaga takobi, wani abu a can ciki yana ce masa kai ma ba ka fi shi ba. Ƙyamar da ya kamata ta tafi kan baffa sai ta juyo kansa, shi ya sa yake ta zagin kansa, yana kiran kansa matsoraci, yana tunanin mutuwa. Almajirinsa Ernest Jones ya faɗaɗa wannan a maƙala a 1910, ya mayar da ita littafi a 1949. Har fim abin ya shiga. Laurence Olivier ya bi wannan fassarar a fim ɗinsa na 1948 wanda ya ci kyautar Oska, kuma matar da ta fito a matsayin uwarsa, Eileen Herlie, ya girme ta da fiye da shekara goma.

Ni dai ga inda nake ganin karatun ya kama wani abu na gaske. Fatalwar ta ja wa Hamlet kunne ƙarara: ka ɗau fansa a kan baffanka, uwarka kuwa ka bar ta da Allah. Sai ya yi akasin haka. Ya tarar da baffan shi kaɗai a durƙushe yana addu'a, ya zare takobi, ya mayar, wai kada ya kashe shi yana tuba ya shiga aljanna. Daga nan ya zarce ɗakin uwar, ya buɗe mata wuta, ba a kan kisan ba sosai, a kan shimfiɗar aurenta, da kalaman da ɗa bai kamata ya san hanyarsu ba. Sai da fatalwar ta sake fitowa a ɗakin ta tuna masa aikin da aka sa shi. Kuma yaushe ya kashe baffan? Bayan uwar ta sha guba ta faɗi. Duk wannan yana cikin wasan, ba Furoid ne ya ƙirƙira ba. Shi ne dai ya sa muka lura zafin yaron ya fi yawa a inda ba a aike shi ba. An bar jaki ana dukan taiki.

Amma fa akwai ramuka. Wasan da kansa ya ba da dalilin jinkiri: Hamlet yana tsoron kada fatalwar ta zama shaiɗan ne ya zo ya halaka shi, shi ya sa ya shirya wasan da zai gwada baffan, ya ga ko mai kaza a aljihu zai jimre as. Wannan hankali ne, ba ciwo ba. Sannan Hamlet ba shi da ƙuruciyar da za a tono. Ba mutum ba ne da zai kwanta a kujerar likita a yi masa tambayoyi, kalmomi ne a takarda. Furoid ya nemi ya toshe wannan ramin da rayuwar marubucin. Ya ce an rubuta wasan ne bayan rasuwar mahaifin Shekisfiya a 1601, kuma yana da ɗa mai suna Hamnet da ya rasu yana yaro. To ku ji ƙarshen zancen. Daga baya Furoid ya koma cikin masu cewa ba Shekisfiya ne ya rubuta wasannin ba, wani basarake ne mai suna Edward de Vere. A 1930 ya ƙara wa littafin mafarkin ɗan bayani a ƙasan shafi cewa ya daina yarda mutumin Stratford ne marubucin. Marubuci ya canja, uban da ya mutu ya canja, fassara tana nan daram. Masanin falsafa Karl Popper a kan irin wannan ya soki ra'in: in ka yarda an ce ka tabbatar, in ka musa an ce dannewa ce ta sa ka musa. Abin da ba yadda za a yi ya faɗi jarrabawa, ba a ce ya ci ba.

Rami mafi girma kuwa a Najeriya aka gano shi. Wata Ba'amurkiya masaniyar al'adu, Laura Bohannan, ta zauna cikin Tibi, ta kuma buga labarin abin da ya faru a 1966. Ta tafi da yaƙinin cewa Hamlet labari ne da kowa a duniya zai fahimta iri ɗaya. Wata rana dattawa suka ce ta ba su labari, ta ɗauko shi. Da ta zo inda ƙani ya auri matar wansa, tana jiran a yi salati, sai dattawa suka ce madalla, ya kyauta, wa zai noma mata gona in ba shi ba? Fatalwa kuma suka ce babu wannan, aikin mayu ne. Yaro ya ɗaga wa ƙanin ubansa hannu? Suka ce wannan ba hurumin yaro ba ne, a kai wa manya. Ku ma kun san a wajenmu mace ta gama takaba ƙanin mijinta ya aure ta don riƙon marayu ba abin kunya ba ne, sau da yawa ma yabawa ake yi. Abin da zai tayar mana da hankali shi ne kisan, da kuma auren da aka ɗaura ko wata biyu ba a yi ba. Tun a 1927 Malinowski ya kawo irin wannan ƙorafin daga tsibiran Trobriand, inda kawu, wato ɗan'uwan uwa, shi ke da iko da yaro, kuma shi yaron yake jin haushi, uban kuwa abokin wasa ne. Gidan da Furoid ya sani gidan Biyana ne, miji ɗaya, mata ɗaya, ƙofa a rufe. Yaron da ya tashi a hannun goggo, uwarsa tana kunyar ko kiran sunansa don ɗan fari ne, ba a wannan gidan ya tashi ba. Abin da ya faɗa a kan mata ma, tun a shekarun 1920 wata likita a cikin nasu, Karen Horney, ta ce wannan kallon namiji ne kawai.

Shi ke nan sai mu watsar? Ni ban ce ba. A ajiye Odifus a gefe, a riƙe dogari da zaure, sai a gwada a kan littafin da yawancinku kuka karanta a sakandare, Things Fall Apart na Chinua Achebe, 1958.

Achebe bai ɓoye mana ba, ya faɗa tun farko cewa tsoro ne ke mulkin Okonkwo, tsoron kada ya yi kama da ubansa Unoka, mai busa sarewa, mai cin bashi, wanda ya mutu ba sarauta ko ɗaya. Yana yaro wani abokin wasa ya kira uban da kalmar da ke nufin mace, take kuma nufin namijin da ba shi da muƙami. Daga ranar ya sa dogari a ƙofa: duk abin da Unoka yake so, kada ya shigo. Taushi, kiɗa, zaman hira, nuna ƙauna. Wannan kowa ya gani. Abin da karatun Furoid yake ƙara mana shi ne mu bi sawun waɗanda aka kora mu ga ta ina suke dawowa.

Ku tuna lokacin bikin sabuwar doya. Ba aikin gona, kowa yana zaune yana jiran shagali. Zaman banza kuwa halin wa? Na Unoka. Sai Okonkwo ya kama zagaye gida yana neman abin faɗa, ya tarar an yanki 'yan ganyen ayaba an naɗe abinci, ya lakaɗa wa matarsa ta biyu, Ekwefi, duka, har ya ɗana mata bindiga ya kuskure. A kan ganye! Duk inda ka ga martani ya fi laifi girma haka a labari, tsaya ka tona, akwai jaki a kusa.

Sai Ikemefuna, yaron da aka kawo daga Mbaino ya shekara uku a gidansa yana kiransa baba. Okonkwo yana son yaron, amma bai taɓa nunawa ba. Da aka yanke za a kashe shi, dattijo Ezeudu ya zo har gida ya ce kada ka sa hannu. Ba wanda ya tilasta masa zuwa. Ya je, yaron ya rugo wurinsa neman ceto, ya sare shi don kada a ce masa rago. Ya kwana biyu bai ci abinci ba. Ni a karatuna, abin da ya sara a dajin nan shi ne taushin da yaron ya farkar masa, wato Unokan da ke cikinsa. Taushin kuma bai mutu ba. Daren da matar bori ta ɗauki 'yarsa Ezinma ta nufi kogo da ita, mutumin nan ya kasa barci, ya yi ta zarya zuwa kogon a ɓoye, yana jira lokaci ya ɗan ja don kada a ga ya damu.

Yanzu ku dubi yadda littafin ya biya shi. Bindigarsa ta fashe a wajen jana'izar Ezeudu, ta kashe ɗan mamacin. A al'adarsu kisan kuskure laifi ne "na mace", hukuncinsa gudun hijira na shekara bakwai, kuma ina? Mbanta, garin uwarsa. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana gudun duk abin da aka jingina wa mace, ga shi a hannun dangin uwa, kawunsa Uchendu yana yi masa nasiha a gaban yara. Ɗansa Nwoye, wanda ya fi son tatsuniyoyin uwarsa a kan labaran yaƙi, ya bi 'yan mishan. Me ya ja shi? Achebe ya nuna ba hujjar wa'azinsu ba ce, waƙarsu ce ta taɓa shi. Sarewar da aka kora daga gidan ta tsallake ɗa ta dawo a jika. A ƙarshe Unoka an kai shi mugun daji ya mutu ba kabari saboda ciwon kumburi, Okonkwo ya rataye kansa, danginsa ba za su taɓa gawar ba, sai baƙi. Ya yi gudun shekara da shekaru ya je ya faɗi kusa da inda uban ya faɗi.

Wannan karatun yana gamsar da ni fiye da na Hamlet, don duk hujjar tana cikin littafin, ba sai na ƙirƙiro wa Okonkwo wata sha'awar da ba a rubuta ba. Sai dai a yi hattara. In ka nutse a ƙuryar zuciyar Okonkwo, za ka iya manta da Baturen Di'o, da kotu, da shugabanni shida da aka kira taro aka ɗaure aka aske musu kai, da tarar buhun wuri 200 da masinjoji suka mayar 250. Sai ka wayi gari kana cewa matsalar Umuofia ita ce wani mutum bai shirya da babansa ba. Wanda ya rubuta haka a jarrabawa, ni ne mai maki, ba zai ji daɗina ba.

Bari mu ƙarasa a gida. Tatsuniyar ruwan Bagaja, ba littafin Abubakar Imam na 1934 ba, ta kaka, ta 'yar bora da 'yar mowa. An tura 'yar bora wanki can ruwan Bagaja, ta yi haƙuri da ladabi ga duk abin al'ajabin da ta tarar, ta dawo da dukiya. 'Yar mowa ta bi sahu da rashin kunya da kwaɗayi, ta dawo da kayan takaici. Bruno Bettelheim, a littafinsa na 1976 a kan tatsuniyoyin Turai, ya ce muguwar matar uba dabara ce ta zuciyar yaro. Yaro ba zai iya ɗaukar cewa uwar da ke ba shi nono ita ce kuma mai tsawa da bulala ba, sai ya raba ta biyu, ta kirki da muguwa, don ya ji haushin ɗaya ba tare da ya rasa ɗayar ba. Akwai hujja mai daɗi a nan: a bugun farko na tatsuniyoyin 'yan'uwan nan Grimm na Jamus, 1812, wadda ta nemi kashe Snow White uwarta ce ta cikinta. A bugun 1819 suka mayar da ita matar uba. Ka ga dogari da alƙalami a hannu.

A wajenmu fa? Kishiyar uwa ba mafarki ba ce, ɗakinta yana kallon na uwarka. Don haka ba zan ce duk tatsuniyar bora da mowa rabe-raben zuciya ba ce, wani abin rahoton tsakar gida ne. Amma ga abin da Furoid zai sa ka tambaya: cikin yaran da ke zaune a tabarma ana ba da tatsuniyar nan, wa ya taɓa ɗaukar kansa 'yar mowa? Babu. Har 'ya'yan mowar, kowa 'yar bora ne a zuciyarsa, kowa shi aka zalunta, kowa yana jiran ranar da zai shigo gari a kan doki a ga yadda masu raina shi za su yi. Gizo kuma yana can gefe yana yi mana abin da aka hana mu, ya ci shi kaɗai, ya yi ƙarya, ya damfari manya, mu yi dariya, in aka kama shi mu ce Allah ya ƙara.

A laccar nan ta 1907, da gangan Furoid ya ajiye manyan marubuta ya ɗauki masu littattafan da jama'a ke rububi, inda tauraro ba ya mutuwa kuma duk macen da ta gan shi sai ta kamu. To buɗe wayarka ka duba littattafan da ake turawa a WhatsApp da Wattpad. Yarinya talaka, marainiya ko 'yar riƙo. Saurayi miskili, ɗan masu kuɗi, ba ya dariya, ba ya kallon kowa. A haɗa su aure ba ya so. Ya wulaƙanta ta shafi ɗari. Sannan ya kamu, ya rame, ya durƙusa yana kuka yana neman yafiya, ita kuma ta ja aji. Kin karanta irinsa sau nawa, 'yar'uwa? Kin san ƙarshen tun shafin farko, amma ƙarfe biyu na dare kina sharhi kina cewa a ƙaro. Ba don ki san me zai faru ba ne. Durƙuson nan ake jira, kuma ina zargin ba miskilin littafin kaɗai ake so a ga ya durƙusa ba. Maza kada ku yi dariya, naku yana cikin finafinan da yaro ɗaya yake dukan mutum arba'in, ya dawo unguwa da mota, wadda ta ƙi shi tana leƙe ta taga.

Nan za mu dakata. Wanda ke da Things Fall Apart a gida ya sake karanta babi na biyar da na bakwai kafin mako mai zuwa, don za mu ɗora da Carl Jung, almajirin da ya ɓalle daga Furoid a 1913, mu ji me zai ce game da dodo da Gizo.